Ƙofar da Ba a San Magininta Ba

Fitsari ne ya jawo komai. Gara in faɗa da bakina, tunda sauran labarin ya riga ya shiga littattafai kuma babu wanda ya ambaci wannan.

Sana'ata zagayawa da baƙi cikin gari a ƙafa. Ina gaba da lema ruwan ɗorawa a ɗage, suna biye da ni kamar 'yan tsaki. In nuna musu tsohon gidan waya, da hasumiyar agogon da ta tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata tun ba a haife ni ba, da gadar da kowane ɗan jagora ke ba ta shekarun da ya ga dama. Awa biyu cur muke yi, don haka aka rubuta a takardar talla, kuma baƙo yana iya yafe maka komai ban da minti goma da ka rage masa.

Ranar da abin ya faru na sha shayi kofi uku kafin in fito. Muka isa gidan waya muka tarar an kewaye shi da kwano ana gyara. Ga rabin awa ta rage ba abin nunawa, ga marata ta cika fam. Gidanmu kuwa yana kusa, lungu na biyu bayan layin masu gyaran takalma. Sai na ja mutum goma sha huɗu zuwa bakin lungunmu, na ce, “Ku tsaya nan ku duba da kyau, ina zuwa.” Wallahi ban nuna musu komai ba. Na faɗa gida da gudu.

Da na fito, iska na shiga ta ko'ina, sai na tarar duk sun ɗaga kai suna ɗaukar hoton ƙofar lungu.

Ƙofar ba ta da ƙyaure ma. Baka ne kawai na dutse, lanƙwashe kamar bakan gizo, daga bangonmu zuwa na maƙwabci. Babana magini ne, shi ya gina ta shekara arba'in da suka wuce da ragowar duwatsun wani aiki, saboda bangon maƙwabcin ya fara kwantowa kanmu. Ta ɗan karkace hagu don akwai bututun ruwa a ƙarƙashi da ya kauce wa.

Wata mata mai ƙaton gilashi ta ce, “Shekararta nawa?”

Na saci kallon agogo. Saura minti ashirin. In na ce arba'in, magana ta ƙare nan take.

“Ɗari uku,” na ce.

“Me ya sa ta karkace?”

“Mutanen da ne suka karkata ta da gangan, don rana ta ratsa tsakiyarta sau ɗaya a shekara.”

“Wace rana ke nan?”

“Jiya,” na ce. “Kun yi rashin sa'a.”

Suka yi ta tsaki suna rubutawa.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kafin wata shida Dogo, abokin hamayyata mai jar lema, ya sa ƙofar a zagayensa. Da yake ba ya son in fi shi a komai, ya mayar da ita shekara ɗari huɗu. Ya kuma ƙara da cewa tsohon da ke zaune a gindinta daga zuriyar masu gadinta yake, kaka da kakanni. Tsohon nan Baba ne, a kan bencinsa, da rediyo manne a kunne. Ni dai kullum a ƙetaren titi nake tsayar da nawa baƙin, in rage murya.

Baba bai san me ake faɗa ba. Abin da ya gani shi ne mutane na zuwa daga nesa su kalli aikinsa. Ya fara sa rigarsa mai kyau tun da safe. Na ji shi yana ce wa Inna, “Kin gani ko? Aiki mai kyau ba ya ɓuya, ko an daɗe sai an gano shi.” Na ajiye cokali, abincin ya fita raina.

Ya kamata in yi bayani a nan. Baba ya yi shekara hamsin yana gini a garin nan, kuma garin ya bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya ya rushe. Gidan siniman da ya ɗaura wa baka bakwai yanzu wurin ajiye motoci ne. Makarantar da ya gina an yi bene mai gilashi a wurinta. In muna tafe cikin gari yakan nuna iska da sandarsa ya ce, “Nan ma ni ne.” Ƙofar lungunmu kaɗai ta rage da zai iya dafawa da hannu.

Wata Talata ma'aikatan ofishin kayan tarihi suka zo da igiya da allon ƙarfe. Suka kewaye ƙofar da igiyar, ta yadda Inna sai ta sunkuya da kwandon cefanenta kafin ta shiga lungun da ta yi shekara arba'in da biyar a ciki. Har bencin Baba suka manna wa lamba. Bayan sun tafi Baba ya ɗauko gilashinsa, ya tsaya gaban allon yana bin rubutun da yatsa. *An gina ta shekara ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka wuce. Ba a san maginin ba.* Ya karanta sau biyu. Ya kashe rediyo.

“Kai, zo nan.”

Na je.

“Wane ne ba a sani ba?”

Na faɗa masa komai, har da shayin. Na zaci zai ɗaga sanda, har na fara auna nisan da ke tsakaninmu. Bai ɗaga ba. Ya cire gilashin ya naɗe, ya shige gida. Washegari bai sa rigar mai kyau ba, bai ma fito ba. Da duka ya yi min da na fi samun sauƙi.

Ana wata ga wata. Da aka yi ruwa kwana uku a jere, dutsen tsakiyar bakan, wanda ke riƙe da sauran, ya saki ya zazzago da kamar yatsa biyu. Baba ya gani ta taga. Fushi daban, aiki daban: ya ɗauko tsani da cokalin gininsa. Ƙafarsa ɗaya na kan tsani mai gadin da ofis ya ajiye ya hura usur.

“Baba, sauka! Ba a taɓa kayan tarihi.”

“Ni na gina ta.”

“Kowa haka yake cewa, Baba. Jiya ma wani ya ce kakansa ne.”

Haka muka tafi ofis, ni da shi. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, da fayiloli jere har rufi, da jami'i mai biro uku a aljihu. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, har ya miƙe ya ba Baba kujerarsa. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya buɗe fayil.

“Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, shekararka nawa?”

“Saba'in da huɗu.”

Ya danna kwakuleta. “To ka ga akwai giɓin shekara ɗari biyu da ashirin da shida. Wannan ma in mun bi ƙaramin lissafi ke nan, don in sauƙaƙa maka.”

Na miƙe. “Ranka ya daɗe, ni na ƙirƙiro shekarun. Ƙarya na yi.”

“Ba da kai muka dogara ba, malam. Littattafai uku muke da su.” Ya jero su a tebur.

Na buɗe na farko. Ni ya ambata a matsayin masanin unguwa. Na biyu ya ambaci na farko. Na uku ya ambaci na biyu da Dogo.

“Ai ga shi nan, duk daga bakina suka samo!”

“To ka ga kai masani ne,” in ji shi. “Ba za mu yar da maganar masani da ke rubuce don wani ya shigo da baki ya ce ba haka ba.”

“Ni ne masanin, ni ne kuma wanin!”

“Wannan tsakaninku ne.”

Baba ya ce zai kawo shaidu, waɗanda suka miƙa masa dutse suna nan da ransu. Nan jami'in ya tashi ya tura ƙofa ya rufe. Ya zaro taswira ya shimfiɗa. Wani jan layi ya taso tun daga gada, ya miƙe sak ta layin masu takalma, da ya zo bakin lungunmu sai ya yi kwana kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

“Sabon titi ne,” in ji shi, ya rage murya. “Wannan kwanar, allon nan ne ya sa ta. Baba, in ka kawo shaidu dole in karɓa. In ƙofar nan shekararta arba'in, to ba ta ofishina ba ce, ta masu aikin titi ce da ke bene na biyu. Su kuma ba allo gare su ba, katafila gare su.”

Gaba kura, baya sayaki. A san Baba ya gina ta a rushe, ko ta tsaya a ce ba a san shi ba. Ni na kai shi nan, kuma ko kallon inda yake na kasa yi.

Baba ya daɗe yana kallon jan layin. Can ya ce, “Dutsen tsakiya ya saki. In aka ƙara ruwa biyu, ba sai katafila ta wahala ba.”

Jami'in ya ce doka ta yarda mutum biyu kawai su gyara kayan tarihi. Ko ƙwararren ofis, wanda layinsa ya kai shekara biyu, ko kuma wanda ya fito daga zuriyar maginin asali ya gaji sana'ar. Ya zaro fom ya miƙo da hannu biyu. Ya ƙirga a yatsunsa ya ce in aka raba shekara ɗari uku, Baba zai zama jikan jikan jikan jikan maginin, ko kusa da haka.

“Wato ni jikan kaina ne.”

“A takarda kawai, Baba.”

“In na sa hannu za ta tsaya?”

“Har abada. Ko har a canja shugaban ofis.”

Baba ya karɓi biro. Da ya zo gurbin sunan maginin asali ya tsaya, bakin biron na kan takarda. Jami'in ya ce a hankali, wannan gurbin sai da shaidar littafi. Baba ya tsallake shi ya sa hannu a ƙasa. Da muka iso bakin igiya ya ce in ɗaga wa uwata ita, ga ta can tafe da kaya.

Ranar gyara ta faɗo ranar da nake da baƙi ashirin, malaman makaranta daga wani gari, kowa da littafin rubutu. Na so in wuce da su ta wata hanya, suka ce ƙofar ce ma ta kawo su. An tara yashi a ƙetaren titi inda na saba tsayawa, dole muka matso har gindin tsani. Baba na sama, sanye da rigar leda mai ƙyalli da ofis ya ba shi, an rubuta *Magajin Sana'a* a baya. Ya tokare bakan da katako, yana cusa kwaɓi a gefen dutsen da cokalinsa. Yana jin kowace kalma.

Na buɗe baki in ce ɗari uku, ta ƙi fita. Na yi ta kame-kame a kan irin dutsen. Sai wata dattijuwa a cikinsu ta ɗaga biro.

“Malam, shi maginin fa? Ba a san komai a kansa ba?”

“Ba a san sunansa ba, Hajiya,” na ce. Ya kamata in tsaya nan, amma bakina ya ci gaba. “Sai dai an san wasu abubuwa. An san a tsaye yake cin abincin rana don kada kwaɓi ya bushe. An san dutse ya taɓa murƙushe masa ɗan yatsa, ya ɗaure da tsumma, bai je asibiti ba sai da ya gama layin. In ya gama gini yakan koma bayan sati ya sa kunne a bango, wai yana jin ko ya zauna. An san ya sayar da kekensa ya sa ɗansa a makaranta, don ya ce hannu ɗaya mai kanta ya isa a gida.”

“Keke?” in ji wani. “Shekara ɗari uku?”

“Tarihi ne, malam, ba ni na yi shi ba.”

Suka rubuta.

“Ɗan kuwa,” na ce, “da bakin da aka saya masa da keken nan ya shafe sunan ubansa. An ce ya yi nadama, amma bai san yadda ake faɗa ba.”

Ƙarar cokali ta tsaya a sama. Dattijuwar ta ɗaga kai.

“Baba, kai da ke cikin zuriyar, a gidanku yaya aka ce ya ƙare?”

Baba bai juyo ba. Ya goge cokalin a gefen bokiti, gaba da baya, ya fi sau biyar.

“An ce ya yi tsawon rai,” in ji shi. “An ce bai mutu ba sai da ya ji ɗan nan ya faɗi gaskiya sau ɗaya, a gaban mutane.” Ya yi gyaran murya. “Kai, riƙe min tsanin nan, yana rawa.”

Na matsa na riƙe da hannu biyu. Tsanin lafiyarsa ƙalau, ko motsi ba ya yi. Na kifa goshina a kan katakon ina kuka, malamai ashirin na tsaye suna jira in ci gaba, shi kuma ya ɗebo kwaɓi ya koma kan dutsensa.