Alƙalamin Baba Yona

Ni gyaran agogo na sani, kuma shi nake yi a rumfata kusa da tashar jirgin ƙasa ta Minna. Amma ranar wata Laraba sai ga Baba Yona, manomin doya daga Paiko, ya kwance ƙullin tsumma ya ajiye mini alƙalami mai shan tawada.

"Silas, ɗana, duba mini wannan. Ba ya rubutu."

Alƙalamin kwance ne, a wurin wani tsohon akawu ya saya. Na ɗora gilashi a ido. Bakin ya wage gida biyu, gefe ɗaya duk an kankare shi.

"Baba, wa ya yi masa wannan aika-aika?"

Ashe da ya ga rubutun na fita da kauri, maƙwabcinsa Malam Ndaman ya kai wa. Malam kuwa shekara talatin yana feƙe alƙalamin kara, sai ya zaro wuƙarsa ya feƙe wannan ma. Da ƙarfe ya ƙi, suka haɗu su biyu suka danna shi a kan dutse.

Na yi dariya har da ƙwalla. Baba Yona bai yi ba. Ya ce ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarsa Alisabatu, malamar makaranta, a coci. Damina biyu yana zuwa ajin yaƙi da jahilci don kada ya dangwala yatsa a littafin aure a gaban surukai. Sunansa yake so ya rubuta, da alƙalaminsa. Nan na ji kunyar dariyata.

Na ture agoguna gefe. Da ɗan matsi na gyaran agogo na lallaba bakin ya haɗu, na goga a dutsen washi har ya daina yagar takarda. Na ce ya gwada. Ya damƙe shi kamar zai yi huɗa.

"Baba, sassauta! Takarda ce, ba gona ba."

Sai da muka cinye bayan tsohuwar kalanda da gwajin rubuta sunansa kafin ya tafi.

Ranar Asabar na je, don in ga aikina. Da aka zo kansa, fasto ya tura masa tawadar dangwale kamar yadda aka saba. Baba Yona ya mayar masa da ita a hankali, ya zare alƙalami daga aljihu. Harafi huɗu ne kacal, amma sai da ango ya gaji da tsayuwa. Alƙalami bai ba ni kunya ba, sai dai ya yi yoyo, ya ɓata masa babban yatsa shuɗi.

A waje ya ɓoye hannun a cikin riga, wai kada a ce dangwalawa ya yi. Alisabatu ta jawo hannun, ta ɗaga shi sama a gaban dangin miji, idonta cike da hawaye.

"Ku duba," ta ce. "Hannun marubuta haka yake. Nawa ma kullum haka nake dawowa da shi daga makaranta."