Layi na Takwas

"A'a, ɗauke wannan," in ji Baba Akawu, ya ture na'urar gefe da bayan hannu. "Ni ba jirgin sama na zo tuƙawa ba."

Mai shagon ya yi dariya, amma bai ɗauke ta ba. Ita ce babba cikin na'urorin haɗa kiɗan da ke shagonsa: allo a tsakiya, maballai sun fi hamsin, ƙananan rubutu ko'ina a jikinta.

"Baba, wannan ita kaɗai ta ishe ka. Komai yana cikinta. Kunnawa kawai za ka yi ka fara aiki."

"To karanta min abin da aka rubuta a nan."

Mai shagon ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya.

"Ka gani? Kai da ƙuruciyarka ma sai da ka yi ruku'u. Ni kafin in gano wannan maballin, ai an rufe shago."

Ni ce na rako shi. Gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a bakin ƙofar gidan hayar da muke zaune, tagar ɗakinsa tana kallon bayan rumfar, shi ya sa yake kirana Injiniya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga keken rubutu a wani ofishi kafin ya yi ritaya, kuma har ranar yatsunsa ba su san an sallame su ba. A kan benci suna bugawa, a kan gwiwa suna bugawa, in aka ba shi kofin shayi ma sai ya buga masa wasiƙa. Makon da ya wuce ina gwada lasifikar wata waya, sai bidiyon wata mata ya fito tana dukan wasu maballan roba masu kusurwa huɗu, kiɗa yana fita. Baba yana zaune a bencina. Sau biyar ya sa na maimaita masa, a na shida ya ce, "Injiniya, ina ake sayar da wannan abin?"

Ga mu a shagon ranar Litinin. Bene ɗaya ne kawai, amma sau uku muka tsaya a matattakala yana riƙe da ƙarfe yana neman numfashi. Zuciyarsa ce. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, kuma 'yarsa da ke aikin jinya a wani gari mai nisa ta riga ta yanke hukunci: ranar Asabar za ta zo ta tafi da shi, ya zauna kusa da ita da asibiti.

Mai shagon ya sauko da ta biyu, doguwa mai farare da baƙaƙen maɓallai irin na fiyano, da wasu 'yan maballan roba takwas a gefe.

"Wannan ta masu koyo ce, Baba. Ga fiyano, ga wurin ganga."

Baba ya ɗora yatsu a kan na robar, yatsa ɗaya ya hau maballi biyu. "Wannan ai na masu yatsun allura ne. Kuma fiyanon me zan yi da shi? Na ce maka coci zan buɗe?"

"To wai wane irin kiɗa za ka yi ne? Na rawa? Na waƙa?"

"Na ofis."

Mai shagon ya kalle ni. Na ɗaga kafaɗa, don ni ma ranar na fara ji.

Baba ya jawo kujera ya zauna, idonsa yana ƙyalli. "Mu takwas ne a ɗaki ɗaya, kowa da kekensa. Ƙarfe takwas na safe in muka fara, yaro, ba ka taɓa jin kiɗa irinsa ba. Wadda muke kira Guguwa tana gaba, yatsunta kamar ruwan sama a kan kwano. Dogo a bayanta, shi kuma ɗaya-ɗaya, da nauyi, kamar yana jin haushin takardar. Ga ƙararrawa, ting, nan da can. Ga ƙarar mayar da kan keke, shuuu-kaf. Mutane suna wucewa suna cewa hayaniya. Su bakwai ɗin nan duk sun riga mu gidan gaskiya. In na bi su, shike nan, babu wanda ya san yadda ɗakin nan yake tashi da safe." Ya ɗaga hannuwansa. "Kekena yana nan a ɗaki, amma yanzu ya fi ƙarfina, layi biyu na buga sai haki. Abu nake so mai laushi, wanda zai ji ni ko da shafa shi na yi."

Mai shagon ya shiga ciki ya fito da wata 'yar baƙa, faɗinta bai wuce littafin rajista ba. Ba allo, ba tarkace. Manyan maballan roba goma sha shida, huɗu-huɗu, da 'yan kaɗan a gefe. Ya jona ta da wata igiyar lantarki da ke fitowa daga ƙarƙashin kantar shagon.

Baba ya taɓa ɗaya a hankali, lasifika ta amsa a hankali. Ya doka, ta amsa da ƙarfi. Sai ya gyara zama, ya miƙe baya, ya jera yatsu goma kamar yadda aka koya masa shekara hamsin da suka wuce, ya saki hannu. Wallahi sai da masu sayayya biyu suka juyo. Ganga ce da kuge a cikin lasifikar, amma abin da yake bugawa wasiƙa ce, har ana jin inda yake sa aya.

"Ita ce!" ya ce, baki har kunne. "Tana jin magana! Naɗe min ita."

Daidai nan wayata ta yi ƙara, wata da na yi wa gyara tana faɗa a kan allon da na sa mata. Na fita baranda. Ta gilashi na hango mai shagon yana yi wa Baba bayani yana nuna ƙarƙashin kanta, Baba yana ta gyaɗa kai, hannunsa a kan kwali, kuma ko makaho ya san ba ya jin ko kalma ɗaya.

Muna isa gida ya hana ni buɗe rumfa. Na jona na'urar da kan caja, maballan suka kama da fitilu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Baba ya yi tafi. Ya jera yatsu, ya doka.

Shiru.

Ya sake dokawa. Ban da ƙarar roba babu abin da ya fito. Na juya ta, na duba gaba da baya, babu lasifika, babu ramin da za a sa ta. Sai a lokacin na karanta kwalin. Ita wannan ba ta da sauti ko ɗaya a cikinta. Aikinta kawai ta gaya wa kwamfuta an taɓa ta. Igiyar da ke ƙarƙashin kantar mai shago kwamfuta take zuwa, kuma Baba bai taɓa mallakar kwamfuta ba, ya ce ita ta kashe musu sana'a.

Kunya ta rufe ni. Ni da aka ɗauko don na san wayoyi, na tsaya ina faɗa a baranda.

"Mu mayar, Baba. Mu karɓo babbar."

"Babbar ba ta ji na." Ya rungume 'yar baƙar a ƙirji. "Kuma benen nan ba zan sake hawansa ba, kin sani, na sani. Ke ba Injiniya ba ce?"

Ranar ban gyara wayar kowa ba. Na zazzage durowata kaf, na samo tsohuwar babbar wayata mai faɗin allo da ta tsage a kusurwa, na samo wata 'yar gajeriyar igiya da ke haɗa waya da irin waɗannan kaya. Manhaja ta farko ta ƙi ganin na'urar. Ta biyu ta gan ta, amma sai ka doka ka jira kafin sauti ya fito, Baba ya ce wannan ai masinjan ofishinsu ne. Sai ranar Talata da la'asar ta uku ta yi. Na jona 'yar lasifikata, Baba ya taɓa maballi, ganga ta ce dum. Ya yi wani ihu da ya sa matar mai gidan haya ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya.

Muka sauko da kekensa daga kan kabad. Ni na riƙa bugawa, shi yana riƙe da waya kusa yana ba da umarni. Muka ɗauki ƙarar harafi mai nauyi da mara nauyi, ƙarar doguwar sandar barin fili, ƙararrawa, mayar da kan keke, zare takarda. Kowane sauti na zuba shi a maballinsa. A allon wayar kuma na shirya layuka takwas, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, na rubuta sunayen abokan aikinsa bakwai da nasa, kowa da layinsa.

"Saura abu ɗaya, Baba. Kafin ka fara bugawa, sai ka danna wannan jan maballin. In ba ka danna ba, ba za ta riƙe komai ba."

"Wane irin shirme ne wannan? Keke in ka buga, ya bugu. Takarda ba ta cewa sai an nemi izininta."

"Wannan ba takarda ba ce."

"Na ji, na ji."

Bai ji ba. Ranar Laraba sau huɗu yana buga Guguwa tun daga farko har ƙarshe, ya kira ni ta taga yana murna, in zo in tarar layin fayau. Daga nan na daina yarda da shi. In ya shirya sai ya ƙwala, "Injiniya, ja!" in bar abin da nake yi in shigo in danna, in koma.

Kwana uku gidanmu ya zama ofis. Guguwa ta shiga, Dogo ya bi ta. Aka sa wani da suke kira Kuskure, wanda yake buga biyar ya tsaya ya koma baya ya goge. Aka sa Hajiya Sannu, wadda ba ta taɓa sauri ba kuma ba ta taɓa ɓata takarda ba. Duk wanda Baba zai buga, sai ya canza zama ya koma mutumin, har yadda yake karkata wuya. Da layuka suka kai biyar abin ya fara tashi da gaske. Mai wankin da ke ƙarshen layinmu ya riƙa guga da kiɗan, masu kawo gyaran waya suka daina yi min gaggawa, suna zaune a benci suna kaɗa ƙafa. Abinci kam sai na tsaya a kansa yake cin cokali uku. Leɓunansa sun yi duhu, yana magana yana hutawa a tsakiyar jimla, amma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, ni ma kuma haka.

Ranar Juma'a da yamma layi na bakwai ya cika.

"Saura naka, Baba. Mu ƙarasa yanzu."

"A'a. Ni ne babba a ɗakin. Babba ba ya taɓa keke sai ya zagaya ya ga kowa ya zauna daidai. Yau zan saurare su. Gobe da safe, kafin Uwata ta iso." Haka yake kiran 'yar tasa.

Asabar da safe ina cikin rumfa, na buɗe wata waya gida biyu, ƙananan kusoshinta a tafin hannuna, sai na ji su bakwai sun tashi ta taga. Na saurara in ji "Injiniya, ja!" Ban ji ba. Sai kawai wani hannu ya shigo a kansu.

Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ba sauri gare shi kamar Guguwa ba, ba nauyi kamar Dogo ba. Duk inda sauran suka bar rami, nan yake faɗawa, sai ga ƙararrawarsa daidai inda kunne yake jiranta, kuma nan take hayaniyar mutum bakwai ta zama abu guda. Mai wanki ya fito da dutsen guga a hannu. Wani mai babur ya kashe injinsa a bakin ƙofa. Ni kuwa na tsaya da kusoshi a hannu, na ce a raina gwaji yake yi, bari ya gama in shiga in danna masa. Kusan minti huɗu ya yi. Sai hannun ya tsaya, bakwai ɗin suka ci gaba.

Na ajiye kusoshin na shiga da gudu ina cewa, "Baba, wannan ai shi ne! Maimaita!"

Yana zaune a kujerarsa, bayansa a miƙe, kansa ya ɗan sunkuya, yatsunsa goma a jere a kan maballan. Na kira shi sau uku. Na duba allon tun kafin in yi salati, Allah ya yafe min. Jan maballin ba a danne yake ba.

'Yarsa ta iso da azahar da motar da za ta ɗauke shi. Sai washegari, da masu ta'aziyya suka ragu, ta shigo ɗakin ta same ni ina naɗe igiyoyi. Kamarsu ɗaya, har yatsun.

"Ke ce Injiniya? Kullum a waya sai ya ce yana haɗa min wani abu. Na ɗauka rigimar tsufa ce."

Na kunna mata. Ta zauna a kujerarsa, na riƙa nuna mata sunayen a allo: wannan Guguwa, wannan Dogo, wannan Kuskure. Da ta ji ya koma baya yana gogewa sai ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Nasa fa? Wanne ne nasa?"

Na nuna mata layin ƙarshe.

"Ya buga," na ce. "Duk layinmu an ji."

"Yaya yake?"

Na ɗora yatsu a kan tebur, na gwada. Na buga uku, huɗu, na rasa inda zan sa na biyar. Na janye hannuna.

Ta jawo wayar gabanta, ta ƙara sauti kaɗan. Su bakwai suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko, ɗan siririn farin zaren da ke nuna inda kiɗa ya kai yana tafiya a hankali a kan layi na takwas, ita kuma tana bin sa da ido.