Baitin Da Kumu Pualoke Ta Manta

Shekara goma sha ɗaya rabon Nohea da taka hula, rawar gargajiyar tsibirinsu. Ta bar tsibirin Molokai tana budurwa, ta koyi aikin fim a Honolulu, sai ga ta ta dawo da kyamara ɗaya tak, za ta ɗauki tarihin malamarta ta rawa, Kumu Pualoke, wadda ta haura tamanin.

"Kin rame," in ji tsohuwar da ta gan ta. "Ba a cin abinci ne a birnin naku?"

"Ana ci, Kumu. Ɗaukar ki na zo yi."

"To ɗauki ta hagu, nan kyawuna yake."

Mako uku suna aiki ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Gwiwoyi sun ƙi, don haka a zaune kan tabarma Kumu ke buga duma tana rerawa, ɗalibanta mata shida suna rawa.

Ranar da aka zo kan waƙar ruwan saman kwarinsu, wadda ta gada wurin kakarta, Kumu ta kai baiti na huɗu ta tsaya cak. Leɓɓanta na motsi, ba abin da ke fita. Masu rawa suka sandare, hannuwa a sama. Nohea ba ta san sanda ta buɗe baki ba. Daga bayan kyamara baitin ya fito. Kumu ta kama, suka kai ƙarshe tare.

Wajen tace fim ɗin, Nohea ta yanke wurin don ta rufa wa malamarta asiri, sannan ta kai mata ta gani.

"Ina inda na manta?" in ji Kumu.

"Na cire."

"Wa ya aike ki? Mayar da shi."

"Kumu, mutane za su gani fa."

"Su gani mana. Tsufa sata ne, da zan ɓoye?" Ta kamo hannun Nohea ta riƙe. "Na ɗauka kin zubar da waƙar nan a hanya, 'yar nan. Ashe tana nan."

Nohea ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma.

A zauren coci aka nuna fim ɗin, ran wata Asabar da rana, an rufe tagogi da zannuwa. Aka zo wurin da Kumu ta manta baitin. Kumu na sahun gaba da fure a kunne, ta zunguri matar da ke kusa da ita.

"Kin ji muryar nan? Ni na koya mata."