Wayar da Aka Ɗauke a Tire

Da hantsi aka kwaso maniyyatan Jahun daga sansanin alhazai aka jera su a ƙofar filin jirgi. Rana ta riga ta fara gasa duwatsun Dutse, ga damina ta ƙi sauka, kowa sai fifita yake da takardar da ke hannunsa. Malam Falalu na Aujara yana tsakiyar layi, riƙe da hannun Baffa Yahuza, ƙanin mahaifinsa, tsohon da ya haura tamanin kuma gwiwa ta daina yi masa biyayya. Ɗaya hannun kuwa bini-bini sai ya kai shi aljihun gaba ya taɓa wayarsa.

Arzika, taubashinsa, yana bayansu yana lura. Ya ce, "Bawana, aljihun nan zai huje kafin mu ga Madina. Ko wata ce ta yi alkawarin kira?"

Falalu ya ce, "Kai dai ka ji da kanka. Mutumin da ko motar Kano ya hau sai ya yi amai."

"Ai shi ya sa na roƙa a zaunar da ni kusa da kai."

Baffa ya yi gyaran murya, suka bar wasan.

Wayar ba wata mai tsada ba ce, gilashinta ma ya tsage a gefe. Mu'az ne ya saya masa ita, ɗansa na fari, lokacin da ya samu aikin koyarwa a Taura. Da yake Falalu ba ya iya karanta dogon rubutun boko, sai yaron ya koya masa danna saƙon murya. Shekara biyu ke nan da mota ta kife da Mu'az a hanyarsa ta zuwa gida, saƙonsa na ƙarshe kuma yana nan a ciki.

Su Falalu Fulanin gida ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, amma kunyar ba ta ƙare ba. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Shekara ashirin da bakwai Falalu yana cewa "yaron nan". Ranar jana'iza ya tsaya a bayan sahu idonsa a bushe, har dattawa suka riƙa cewa lallai an haifi ɗa a gidan. Babu wanda ya san cewa kullum in ya isa gona, kafin ya sa fartanya a ƙasa, sai ya zauna gindin kuka ya kara wayar a kunne. Ko matarsa Zulaihatu ba ta sani ba. Sau da yawa ya yi niyyar kai wayar wurin masu gyara a kasuwar Jahun su kwafe masa saƙon a wani wuri, sai ya tuna dole su ji abin da ke ciki, gobe kuma labari ya kai Aujara. Sai ya fasa.

Layi ya ja har suka iso wurin bincike. Wani jami'i matashi yana ta maimaita magana ɗaya, muryarsa har ta dushe: a cire waya, agogo, zobe da makullai a zuba a tire, a ɗora jaka a kan bel. Falalu ya ɗan yi jim, sannan ya zaro wayar ya kwantar da ita a tiren roba tare da agogonsa da carbi. Ya bi tiren da ido har ya shige cikin na'ura.

Baffa ne ya fara bi ta ƙofar ƙarfen, sai ta yi ƙara. Aka dawo da shi, ya sake bi, ta sake yin ƙara. Tsoho ya rikice ya fara faɗa, wai shi tun da yake bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Falalu ya tsuguna yana laluba masa aljihuna, ya fito da ɗan ƙaramin almakashin gyaran gashin baki, aka karɓe. Ƙofa ta sake yin ƙara. Daga ƙarshe aka gano wani tsohon makulli ne ɗaure a mazagin wandonsa, na akwatin da ya bari a gida. Kafin a kwance shi a lallashi tsoho, mutum goma sha sun wuce ta gefensu, kowa ya kwashi nasa ya yi gaba.

Da Falalu ya isa wurin tire, ga agogo, ga carbi. Babu waya.

Ya ɗaga tiren ya duba ƙarƙashinsa. Ya duba na kusa da shi, ya leƙa ƙasan bel, ya shafa aljihun da ya san babu komai a ciki. Gumi ya keto masa.

Jami'in ya lura, ya matso. "Baba, lafiya?"

"Wayata ce ban gani ba."

Arzika ya yi maza ya kira lambar. Ya ce tana shiga, amma hayaniyar wurin ba ta bari a ji komai ba. Ya sake kira, aka ce a kashe take.

Jami'in ya dubi ƙofar da ke shiga zauren jira, ya ce, "Waɗanda suka wuce ba su da yawa, ga su can ba su gauraya da sauran ba tukuna. In akwai abu mai muhimmanci a ciki, zan sa a tsayar da su a duba jakunkunansu. Amma ka san abin ba zai yi daɗi ba. Akwai wani abu a ciki, Baba?"

Falalu ya buɗe baki. Baffa yana tsaye dab da shi yana ɗaure mazagi, ga mutanen Aujara uku a baya sun miƙo wuya. Sai ya mayar da bakin ya rufe.

Baffa ya ce, "Me zai kasance a ciki ban da lambobin 'yan taki? Yaro, kada ka tozarta baƙin Allah a kan ƙarfe. Falalu, ko akwai wani abu?"

Falalu ya sunkuyar da kai. "Babu komai, Baffa."

"To, ka ji. Allah ya mayar da alheri. Mu je, ƙafata ta gaji."

Jami'in ya ce ya yi haƙuri, ya juya ga na gaba.

Zauren jira ya cika maƙil, mutum ya fi ɗari huɗu. Falalu ya samar wa Baffa kujera, ya ba shi ruwa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Arzika ya so ya ja shi da wasa, ya ce in sun isa zai saya masa ƙaramar waya 'yar rakani-kashi, daidai da bawa. Falalu bai ko ɗago ba. Da aka kira azahar suka tafi alwala su biyu. Arzika ya ga mutumin ya wanke hannu ɗaya ya tsaya, famfo yana ta zuba.

"Falalu," in ji shi. Rabon da ya kira shi da sunansa har ya manta. "Mene ne a wayar nan?"

Falalu ya dubi ruwan. "Yaron nan ne. Maganarsa tana ciki."

"Wace magana?"

"Ba wata magana ba ce. Cewa ya yi yana nan tafe ranar Juma'a, kada in sayi irin gero, ya samo mai kyau a Taura. Ya ce a gaya wa innarsa ta dama fura da yawa. Sai ya yi tari, ya yi dariya, ya ce ƙurar alli ce. Shi ke nan." Ya rufe famfon. "Kullum sai na ji."

 Arzika ya kama hannunsa suka koma wurin bincike, suna kutsawa cikin masu shigowa. Suka tarar da jami'in yana shan ruwan leda. Arzika ne ya yi bayani, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa, Falalu yana gefe kamar ba a kansa ake magana ba.

Jami'in ya ajiye ledar. "Ai da ka faɗa ɗazu, Baba. Wallahi da na tsayar da su."

Falalu ya ce, "In aka sake mini layin, maganar za ta dawo?"

"An taɓa adana maka ita a wani wuri?"

"A'a."

"To, a jikin wayar take. Layi ba ya ɗauke da ita."

Arzika ya nuna kyamarar da ke saman bango. Jami'in ya ce ana iya dubawa, amma sai an rubuta koke an kai wa shugabansu, sannan a nemo mai kula da ɗakin. Ko an yi sauri sai bayan la'asar, ga shi an riga an fara kwasar mutane zuwa jirgi. Ya ce in Baba yana so ya tsaya, sai a yi magana da jagororinsu a mayar da shi jirgin wani mako, amma shi ba zai ɗauki alkawarin za a ga fuskar kowa ba, don mutane sun yi cunkoso a kan tiren.

Falalu ya waiwaya. Ta cikin gilashi yana hango Baffa ya miƙe tsaye, ya dafa kujera, yana juya kai hagu da dama yana nemansa. Tsohon ko banɗaki ba ya iya zuwa shi kaɗai, kuma 'ya'yansa a hannun Falalu suka damƙa shi.

Arzika ya ce, "Ni zan riƙe Baffa. Ka tsaya."

"In ce masa na tsaya don me?"



Abin da Arzika ya iya yi kawai shi ne ya samu jagoran tawagar ya roƙe shi. Mutumin ya ɗauki lasifika ya ce duk wanda ya ɗauki waya mai tsagaggen gilashi bisa kuskure, ya taimaka ya kawo, ba za a tambaye shi komai ba. Mutane suka shafa aljihunansu, wasu suka ce Allah ya bayyana, wata tsohuwa ta ce ai wanda zai yi sata a wannan hanya ya gama asara. Babu wanda ya taso. Aka ci gaba da kiran sunaye.

Falalu ya hau da Baffa matakalar jirgi taki ɗaya-ɗaya, ya zaunar da shi gefen taga ya ɗaura masa bel. Arzika ya zauna a ɗaya gefen, ya manta da zancen amai. Daga inda Falalu yake yana ganin ƙeyar mutane jere har gaba, huluna da mayafai. Waɗansu ya san gonakinsu, waɗansu ya je sunan 'ya'yansu. Da su zai kwana ɗaki ɗaya, ya ci abinci kwano ɗaya, ya tsaya sahu ɗaya har sama da wata guda, kuma wataƙila abin yana cikin jakar ɗaya daga cikinsu. Ya nemi tsari daga zato, zaton ya ƙi tafiya.

Jirgi ya fara gurnani, Baffa ya damƙe hannun kujera yana salati. Falalu ya rufe ido ya ɗauko maganar daga farko, a hankali, yadda mai tilawa yake yi. Sallama ta zo daidai, zancen Juma'a ya zo daidai. Da ya iso wurin tarin sai ya tsaya, ya kasa tuna ko kafin zancen fura ne ko bayansa. Ya koma farko. Jirgi ya ɗaga, gonakin da ba a shuka ba suka yi ƙasa, shi kuwa yana nan a wuri ɗaya yana ta komawa farko.