Ƙuri'ar da Ta Tsaya a Rabi

'Yar mai gida ta juye gwangwanin bota a kan teburin kwaɓi, takardu takwas suka zubo cikin fulawa. Kwamanda bai ko kalle su ba. Yana tsaye bakin tanderu, ya harɗe hannu a kan tumbinsa, tamkar ba makomarsa za a karanta ba.

Shekara ashirin da biyu shi ne shugaban ma'aikata a gidan burodin nan. Bai taɓa shiga soja ba, muryarsa ce ta jawo masa sunan. Sai ga yarinyar ta dawo daga jami'a, ta karɓi ragamar gidan, ta ce zamanin tsawa ya wuce. Aka kafa kwamiti. Wata guda komai sai an tattauna, har yawan yis. Yau ma'aikata sun zaɓa: ko Kwamiti ya ci gaba, ko Kwamanda ya koma kujerarsa. Shi ya ƙi jefa ƙuri'a. Ya ce ba ya roƙon abin da yake nasa.

"Kwamanda," ta karanta ta farko. Ta biyu ma haka. Ta huɗu ma sunansa ne, sai ta ajiye biro, ta dubi direba da ke murmushi.

"Dogo, ba kai ka kawo mini ƙararsa ba? Ka ce ya kira ka jaki."

"Ya kira ni, ranki ya daɗe," in ji Dogo direba. "Amma a lokacinsa kafin ƙarfe shida na gama lodi. Yanzu ana ce mini mai girma mamba, ina isa kanti ƙarfe tara, masu shayi suna zagin iyayena."

Mai kwaɓi ya karkaɗe hannu. "Ni abin da ya dame ni, da in burodi ya ƙone na san wanda zan tsine wa a zuci. Yanzu in ya ƙone sai a ce ai har da hannuna aka ɗaga."

Aka yi dariya. Kwamanda ya shafa gemu, ya ɗan ƙara turo tumbin. Bai taɓa jin yabo mai daɗin wannan ba.

Bakwai duk sunansa. Ta buɗe ta takwas, ta ɗaga ta sama. An rubuta "Kwam", daga nan biro ya tsaya.

"Sunana ne," in ji Kwamanda. "Tawada ce ta ƙare masa."

"Ko kuma Kwamiti yake nufi, Baba. Ta lalace."

"Wane ne ya rubuta?"

"Ba a tambaya. Sirrin ƙuri'a shi ne ɗan abin da ya rage mana."

Ta miƙa masa makullin sito. Ya karɓa, ya daka tsawar da ta sa tire ya kuɓuce wa wani. Kowa ya ruga bakin aikinsa, fuska a sake kamar an sallamo su daga asibiti.

"Kin gani, 'yata?" ya ce. "Mutane ba zaɓe suke so ba, burodi suke so."

Da ta fita, ya tsince takardar daga fulawa, ya hure ta, ya sa a aljihu. Ya bi bayansu takwas ɗin da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun sunkuya iri ɗaya.

Ya gyara murya.

"To... sannunku da aiki," ya ce.