Masu Ɗaukar Mama Opal

Tun da aka ce za a kaɗa ƙuri'a kan haɗe gundumar Tarver da ta Maddox su zama ɗaya, ban ƙara ganin Alhamis mai daɗi a shagon abincina ba. Ranar jaridu ke fitowa, ranar kuma yayyena biyu ke zama a teburin bakin taga, kowa da tasa a hammata.

Harlan ne babba, bakanike, bai taɓa barin Tarver ba, kuma ba ya karanta komai sai Fitilar Tarver. Dewey ya auri 'yar Maddox, yana sayar da taki a can, ya koma ɗan gidan jaridar Kakakin Maddox har ya fi 'yan garin zaƙewa. Dewey ya ce Fitila ba ta da amfani sai naɗe kifi, labarinta bai wuce wance ta ziyarci wance, saniyar wane ta haihu ba. Harlan ya ce Kakaki rabinta tallar mota ne, rabinta ƙarya, ba ta tuna da Tarver sai an kama ɓarawo a cikinta. Daga nan sai a gangaro kan haɗewar. Dewey na ganin wauta ce ƙananan gundumomi biyu su riƙe kotu biyu da kurkuku biyu alhali hanyoyinsu duk ramuka. Harlan na cewa ranar da aka kwashe kotunmu aka kai Maddox, sai dai mu riƙa cire hula muna roƙon baƙi takardar gonar ubanmu. Kofinsu ya huce, abokan cinikina su gudu, ni ce da asara.

Mahaifiyarmu, Mama Opal, tana kwance da ciwon huhu duk wannan bazarar. Ba ruwanta da kotu. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta kuma maimaita shi har na haddace.

"Wilma, su biyun nan su ɗauke ni, ɗaya dama ɗaya hagu, a gaba. Kada a tura ni a keken gidan gawa kamar tsoho Purvis da ba shi da kowa."

Na gaya musu, kowanne ya ce ya ji. Ta cika ranar Litinin.

A wurinmu sanarwar rasuwa ce ke faɗin 'ya'yan mamaci da mutum shidan da za su riƙe akwatin. Wanda ya ga sunansa a jarida zai sa baƙar kwat ya zo ko da daga gadon asibiti ne, wanda bai gani ba kuwa ba ya matsowa. Ina can ina fama da masu zuwa gaisuwa da farantan soyayyun kaji, Harlan ya kai tasa sanarwar Fitila, Dewey ya kai tasa Kakaki, babu wanda ya tuntuɓi ɗan'uwansa.

Ranar Alhamis na shimfiɗa jaridun biyu a teburin bakin taga. Fitila ta ce marigayiya ta bar ɗa ɗaya, Harlan, da 'ya ɗaya, ta jero masu ɗauka mutum shida 'yan Tarver har da Harlan, duk masu adawa da haɗewa. Kakaki ta ce ta bar ɗa ɗaya, Dewey, da 'ya ɗaya, ta jero shida 'yan Maddox har da Dewey. Hoton ma ɗaya ne, wanda ta ɗauka da hular coci.

Suka shigo kusan tare. Dewey ya karanta Fitila a tsaye, kunnuwansa suka yi ja.

"Yaya, ni ka kankare daga cikin 'ya'yan Mama?"

"Na ɗauka ka riga ka haɗe da Maddox," in ji Harlan. "Je ka duba taku, ka gaya mini wa ya haife ni."

Na ce su ji kunya, na tuna musu roƙonta. Harlan ya ce shi zai ɗauka, amma da mutanensa. Dewey ya ce ba zai kori mutanen da jarida ta riga ta kira ba, ya zama abin dariya a Maddox ana saura kiris zaɓe. Wallahi ranar na tsani su biyun, ban kuma ɓoye musu ba.

Asabar da aka idar da addu'a, fasto ya ce masu ɗauka su matso. Mutum goma sha biyu suka miƙe, akwatin kuwa mariƙinsa shida. Harlan ya kama mariƙin gaba na dama, na ji zuciyata ta ɗan saki, domin na hagu babu kowa. Dewey ya taho zai kama, sai wani abokin Harlan ya riga shi, ya ce shi dai ya ga sunansa a Fitila. Wani ɗan Maddox ya ce Fitila ba jarida ba ce. Aka fara ture-ture da kafaɗa, akwatin ya karkata, furannin kai suka zube ƙasa.

Mista Colvin, mai gidan shirya gawa, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya ce kowa ya ɗauke hannunsa, ba za a yar masa da gawa a gaban coci ba. Ya yafito yaransa biyu, suka fita, suka dawo da keken.

Suka ɗora ta, suka tura ta hanyar maƙabarta da ke bayan coci. Ƙafa ɗaya ta keken tana kuka, irin kukan da ta yi ranar tsoho Purvis. Harlan na tafe a dama, Dewey a hagu, kowa hannunsa a aljihu.