Direban Buhunan Yashi

Na daina sayen sabulu a shagon da ke ƙasan benenmu, kuma ba don sabulunsa ba shi da kyau ba. Bakin mai shagon ne ya ishe ni. Da ya hango ni a matakala sai ya fara washe haƙora: "Matar direba! To yaushe za a buɗe?" Ni na shimfiɗa layin? Ni ce hukuma? Kullum tambaya ɗaya, shi da masu zaman benci a ƙofar shagonsa, kuma ba amsar suke so ba, dariyar suke so. Yanzu gara in taka har kasuwa da wannan ciwon ƙafar tawa.

Maigidana direban jirgin ƙasa ne. Tun kafin a haifi babbar 'yarmu yake jan kaya a tsohon layi, siminti da ƙarafa da hatsi, ya tafi kwana da kwanaki ya dawo da warin baƙin mai a jikinsa. Da aka fara gina sabon layin da zai tashi daga tsakiyar gari ya kai filin jirgin sama, sai aka zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa sabon jirgin. Ranar da ya gama kwas ɗin, ya shigo gida da farar riga a leda, mai maɓallan ƙarfe, wai ta ranar buɗewa ce. Ya ɗaga ta a tsakar falo kamar wanda ya ciyo kofi.

"Ke, mutane zan ɗauka," in ji shi. "Mutane masu rai, masu jaka, masu sauri."

Na ce Allah ya sa alheri, na ɗauko dutsen guga.

Da farko aka ce na'urorin ba da hannu ne ba su iso ba. Suka iso, aka ce gadar da jirgin zai bi ce sai an sake dubawa. Aka duba, ɗan kwangila ya tattara ya tafi. Aka kawo wani, aka ce ƙofofin tasha ba sa jituwa da ƙofofin jirgi. Duk sanda rediyo ya sanar da sabuwar rana sai in fito da rigar in goge in rataye, ranar ta matso, a fito a ba da haƙuri, in ninke in mayar. Na goge rigar nan har wuyanta ya fara ƙyalli, alhali ko sau ɗaya ba ta fita daga gidan ba. A tsakanin nan autarmu ta gama makaranta, ta yi aure, ta haihu.

Amma fa kada a ce ba ya aiki. Kullum da sassafe yake fita, yana tuƙa jirgin gwaji daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Tunda ba a yarda a ɗauki fasinja ba, sai aka cika taragan da buhunan yashi, kowane buhu nauyin mutum guda, wasu a kan kujeru, wasu a ƙasa. Mutanen gari suna cushe a motoci a ƙarƙashin gada, gumi na zuba, jirgin sama na shirin tashi ya bar su, sai su ɗaga kai su ga jirgi fes ya wuce da yashi a cikin sanyin na'ura. Daga nan masu zaman benci suka laƙaba masa Direban Yashi. Yana jin su, ko a jikinsa. Ni ce abin ke ci.

Shi abin da ya dame shi daban ne. Akwai wani kofin roba da yake tafiya da shi. Yakan cika shi da ruwa har baki, ya ajiye a gabansa a ɗakin tuƙi, ya tashi jirgi, ya tsaya a kowace tasha, kuma ko ɗigo kada ya zuba. Babu wanda ya sa shi. Shekarar farko yakan dawo da gwiwar wando a jiƙe, daga baya ya riƙa dawowa a bushe. Sai ya zauna cin abinci yana nuna mini da hannu.

"Birkin jirgi lallashinsa ake yi. Ki ja kaɗan, ki saki, ki sake ja. Tsohuwar da ke tsaye da jika a baya kada ma ta san an tsaya."

"To wa ya ce maka ka iya?" Ni ma wani lokacin bakina ba ya jin magana.

Sai ya juya cokali a kwano. "Ai shi ne," ya ce. "Buhu ba ya cewa komai. Ko na kayar da shi, ko na lallaɓa shi, duk ɗaya ne a wurinsa."

Bana shekarunsa na ritaya suka cika. Ƙarshen watan jiya aka ce zai ajiye aiki, rediyo kuma ya sanar cewa buɗewa sai bayan wata huɗu, in Allah ya yarda. Ya je ya roƙi a ƙara masa 'yan watannin nan, suka ce doka ce, ba su da yadda za su yi. Ranar ya dawo ya kwanta da takalmi a ƙafarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan siminti, ya ƙare tsufansa yana jan yashi, haba don Allah!

Ana saura mako ya bar aiki, sai ga shi ya shigo da wuri, yana hawa matakala bibbiyu kamar saurayi.

"Fito da rigar nan ki goge."

"An sake sa rana ne? Ni dai na gaji."

"Ba rana ba ce. Atisaye za a yi na kwashe fasinja in an samu matsala. An ce kowane ma'aikaci ya kawo iyalinsa su yi kamar fasinjoji. Za a sauke buhunan. Kuma ni zan tuƙa."

"Rigar ba ta ranar buɗewa ba ce?"

"Wa zai hana ni?"

Na goge ta. Sai da na matsar da maɓallin wuya, don ya rame tun daga lokacin da aka auna shi.

Ranar atisayen muka cika tashar tsakiyar gari, matan ma'aikata da 'ya'yansu da surukai, kowa ya ci ado kamar za a biki. Kujerun tashar har yanzu da ledarsu, ledar ta yi ƙura ta yayyage. Na hango maigidana can gaba kusa da kan jirgi, farar rigarsa tana ɗaukar ido, ya goya hannu a baya. Wallahi ya yi kyau. Na daɗe ban gan shi tsaye sosai haka ba.

Wata mata mai riga ruwan lemo da lasifika a hannu, ita ce shugabar atisayen, ta hau benci ta fara bayani.

"Jama'a a saurara! Jirgin nan ba zai kai filin jirgin sama ba. Da mun kai tsakiyar doguwar gada, direba zai danna birkin gaggawa, gaba ɗaya, lokaci guda. Za ku ji jijjiga sosai, saboda haka kowa ya riƙe ƙarfe da kyau. Daga nan ma'aikata za su fitar da ku a ƙafa."

Na juya na dubi maigidana. Shi kuma takalminsa yake kallo. Ashe ya sani tun ranar, bai dai faɗa mini ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koyon tsayawa a hankali, rana ɗaya tak da aka ba shi mutane, aka ce ya watsar da su. Na ji kamar in koma gida.

Kafin in motsa, mai lasifikar ta iso kaina tana rarraba aiki. "Kai za ka yi ihu. Ke ɗanki ya ɓace. Mama, ke ce tsohuwar da za ta suma."

"Ni ce tsohuwar? Duk matan nan ba ki ga tsohuwa ba sai ni?"

"Yi haƙuri Mama, kwanciya kawai za ki yi, a ɗauke ki."

Na ce to, kwanciya dai ba ta fi ƙarfina ba.

Muka shiga. Taragon yana warin sabuwar roba, amma a lungun kujeru akwai yashi da masu shara ba su kwashe ba. Na zauna kusa da taga. Wata mai jiki ta zo ta ɗora jakarta a kan mayafina, na ce baiwar Allah ɗaga, ta ce ai wurin ba na ubana ba ne, na ce na mijina ne. Muna cikin wannan cacar bakin na waiga, sai na ga ginshiƙin tasha yana tafiya baya. Na ƙara dubawa. Benci ya wuce, agogo ya wuce, ƙarshen dandamali ya wuce. Mun tashi tuni, ni ban sani ba, ita ma mai jakar ba ta sani ba.

Na manta da ita. Muka fito sarari, gari ya baje a ƙasa. Na ga rufin kasuwa, na ga layin motoci a tsaye cik. Na ga benenmu, har da zanin gadon da na shanya da safe a baranda, da kan mai shago yana zaune a bencinsa. Jirgin yana tafiya sumul, babu ƙara, yara sun manna fuska a gilashi. Can nesa hasumiyar filin jirgin sama ta fara bayyana, wani jirgi yana sauka a gefenta. Wani dattijo a bayana ya ce, "Kai, direban nan ya iya." Na buɗe baki zan ce mijina ne.

Sai birki.

Ƙarfe ya yi wata irin ƙara har cikin haƙorana. Duk da an gargaɗe mu, mutane suka zube a kan juna, hular dattijon ta yi gaba, jakar matar nan ta fashe, gwiwata ta daki kujerar gabana. Wanda aka ce ya yi ihu bai ko samu dama ba, wasu sun riga shi. Na tuna aikina, na sulale ƙasa na rufe ido, kumatuna a kan yashi.

Aka ɗora ni a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka fito da ni ta ƙofar gaba, aka bi da ni ta siririyar hanyar gefen gada. Iska tana kaɗa mayafina. Da na ji mun zo daidai kan jirgi, na buɗe ido ɗaya. Yana zaune a kujerarsa, hannunsa har yanzu a kan birki, yana kallon layin da ya miƙe gabansa. Gaban farar rigar ya jiƙe sharkaf tun daga ƙirji har ciki. Ashe da kofin ya zo.

"Mama, rufe idonki," in ji ɗaya daga cikin masu ɗauke da ni. "Kin suma fa."

Na rufe. Hawayen da suka biyo baya ba sa cikin abin da aka ce in yi.

An ce atisaye ya yi kyau, har aka tafa. Motocin bas suka mayar da mu gari, muka yi awa biyu a cunkoso a ƙarƙashin gadar. Shi sai da yamma ya dawo, bayan an mayar da buhunan. Ya cire rigar ya ajiye a kan kujera, ya zauna da singileti. Na kawo abinci ina ɗingishi, bai taɓa ba.

"Gwiwar fa?" ya ce can.

"Tana nan inda ka bar ta."

"Na ji ihun mutane ta bayana. Ban taɓa jin murya a jirgin nan ba sai yau, kuma ihu ne."

Na zauna kusa da shi. Ni ba gwanar lallashi ba ce, kowa ya sani, saboda haka abin da ya faru kawai na faɗa masa. Na ce ina faɗa da wata a kan jaka, na waiga na ga ginshiƙi yana tafiya baya.

Ya ɗago. "Ba ki ji tashin ba?"

"Ban ji ba."

"Ko ɗan fizga? Akwai wani wuri daidai fita daga tasha da yake ɗan ja."

"Na ce maka ban ji ba. Har wani dattijo ya ce direban ya iya."

"Ya ce me?"

Na maimaita. Ya jawo kwanon, ya fara ci a hankali.

Rigar an karɓe ta ranar da ya ajiye aiki, wai kayan ma'aikata ce. Na wanke na miƙa musu ba guga, wanda zai sa ya goge abinsa. Shekaranjiya rediyo ya sake ɗage ranar buɗewa, ban ma tsaya jin dalili ba. Yanzu maigidana yana wuni a baranda, kofin robar nan a gefensa yana shan ruwa da shi. Jirgi yakan wuce ta saman rufin maƙwabta da buhunansa, wani ne ke tuƙawa. Sai ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya juyo wajena.

"Ke, da gaske ba ki ji tashin ba?"

Na gaji da tambayar nan, Allah ya sani. Amma nakan ajiye abin da ke hannuna in ce masa, "Wallahi ban ji ba."